Buhu Yana da Takarda, Ɗan Dako Fa?

 Ina gaida mutanen Sarkin Hausa da ƙauyukanta. Ina gaida Mayahi da Kanambakashe. Ina gaida Tasawa, Maijirgi, Urafan da Korgom. Baba da ke gona, rediyo na rataye a reshe, sannu da aiki. Inna da ke bakin murhu, sannu da ƙoƙari.

Shirinmu na yau a kan haƙƙin ma'aikaci ne, da dokokin da ke kare shi, da yadda maganar ta shiga cikin cinikin ƙasa da ƙasa. Wani zai ce, ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba, ina ruwana da cinikin ƙasa da ƙasa? Ɗan uwa, ka ba ni kunnenka. Kai ba ka wuce Maraɗi ba, amma ayarka ta wuce. Riɗinka ya wuce. Wakenka yana Dawanau, a Kano. Fatar jar akuyarka ta bi majemun Kano, daga can ta kai har Italiya. Guminka ya daɗe yana ƙetare iyaka.

To, mu fara daga kasuwa.

Ranar kasuwa ce, la'asar ta yi. Babbar mota tana tsaye bakin magaza, ana lodi. Ku dubi buhun nan da kyau. An ɗora shi a sikeli, an san nauyinsa. An rubuta sunan mai shi. An biya masa kuɗin kasuwa, an ba da rasit. In ya isa Ɗan Isa, ƴan duwan za su duba takardarsa. In ya ɓata a hanya, sai an biya shi. In ruwa ya taɓa shi, sai an yi shari'a.

Yanzu ku dubi wanda ya ɗauko buhun. Kilo 100 ne a gadon bayansa, yana hawa katako mai santsi. Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. In ƙafarsa ta zame, ƙugu ya goce, za a ce Allah ya sawwaƙe, a kira na bayansa ya ɗauka. Motar ba za ta kwana ba.

Buhu yana da takarda, ɗan dako ba shi da ita. Wannan ita ce maganarmu ta yau, kuma za ku ji na maimaita ta.

Sashe na farko, mu ɗan waiwaya baya, domin dokar ƙwadago ba daga sama ta faɗo mana ba.

Mutanen Maijirgi sun san kaburburan Turawan nan biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda nasu sojojin suka kashe a watan Yulin 1899. Ana yawan ba da labarin garuruwan da suka ƙona, daga Birnin Ƙonni har zuwa nan ƙasarmu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masu ɗaukar musu kaya. Kamo su ake yi a hanya, a ɗora musu kaya ba lada, wanda ya gaza a kashe shi. Haka mulkin mallaka ya fara gaisawa da ma'aikacin ƙasar nan.

Bayan haka sai aikin dole. Kakanninmu sun ba mu labari. A aiko wa mai gari ya kawo mutum kaza, a tafi da su gyaran hanya ko ginin bariki, gona tana jiran noma. Sai kuma haraji, wanda dole a biya da kuɗin Bature. Ina za a samu kuɗin Bature? Sai an noma gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga baya gyaɗar Maraɗi da Tasawa ta riƙa bin wannan hanya zuwa teku, a matse ta a masana'antun mai na Turai. Tun a wancan lokacin, hannun manomin nan yana aiki ne domin kasuwar da bai taɓa gani ba, a kan farashin da ba da shi aka yanke ba.

An soke aikin dole ranar 11 ga Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kwaddibuwa. Sai dokar ƙwadago ta ƙasashen renon Faransa, ranar 15 ga Disamban 1952. Ita ma ba kyauta aka bayar ba. A watan Nuwamba na wannan shekara, sai da ma'aikata suka yi yajin aiki na gama-gari a faɗin Afirka ta Yamma kafin majalisar Faransa ta amince. A nan Nijar, Djibo Bakary daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago ya fito kafin ya yi suna a siyasa. Ku riƙe wannan: mutane ne suka haɗa kai suka nema.

Sashe na biyu, me doka ta ce a yau?

Kundin dokar ƙwadago da Nijar ke aiki da shi, doka ce mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumban 2012. Da Faransanci ana ce masa Code du travail. Ma'anarsa, littafin da ya tsara zaman mai aiki da mai ba da aiki.

Abu mafi muhimmanci da nake so ya zauna muku shi ne wannan. Ba sai kana da ofis da kujera ba ne kake zama ma'aikaci. In kana yi wa wani aiki, a ƙarƙashin umarninsa, yana biyan ka lada, to a idon doka kai ma'aikaci ne. Ko da baki kuka yi alkawari, alkawari ne, kuma ana iya tabbatar da shi da shaidu. Yaron mota ma'aikaci ne. Mai gadin magaza ma'aikaci ne. Yarinyar da ke aikatau a gidan masu hali a Maraɗi ko Yamai ma'aikaciya ce.

Doka ta haramta aikin tilas. Ta ce aikin mako awa 40 ne, a aikin gona kuma awa 2,400 a shekara, abin da ya ɗara haka aikin ƙari ne, yana da ladansa na daban. Ta ce a ba ma'aikaci hutun yini guda cur a kowane mako. Mace mai juna biyu tana da hutun haihuwa na mako 14, kuma ba a korar ta saboda ciki. Namiji da mace, in aikinsu ɗaya, ladansu ɗaya.

Akwai kuma abin da ake kira SMIG. Kada sunan ya ruɗe ku. Shi ne mafi ƙarancin albashi, wato ƙasan da ba a yarda a sauka ƙasa da shi ba. Daga 2012 zuwa ƙarshen 2023 yana kan sefa 30,047 a wata. Daga farkon 2024 ya koma sefa 42,000, jika arba'in da biyu kenan. Alhaji mai magaza, in kana da mai gadi da ke kwana bakin ƙofarka wata guda, ka san wannan adadin.

Game da yara, doka ta ce ba a ɗaukar yaro aiki kafin ya cika shekara 14. Aiki mai haɗari kuwa, irin shiga ramin zinariya ko taɓa maganin ƙwari, sai ya kai 18. A nan nake so mu fahimci juna, iyayena. Ba wanda ya ce yaro kada ya bi mahaifinsa gona. Dukanmu haka muka koyi riƙon hauya. Abin da aka hana shi ne aikin da ke raba yaro da karatu, ko ya lanƙwasa masa baya tun bai gama girma ba, ko a tura shi ƙwadago wani ya karɓe kuɗin.

In ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, nauyin mai ba da aiki ne ya kai rahoto. Akwai asusun CNSS, wanda aka kafa domin kula da wanda ya yi haɗari a wurin aiki, da mai ritaya, da iyalin ma'aikaci. Amma asusun bai san ka ba sai an yi maka rajista, kuma mai ba ka aiki ne doka ta ɗora wa yin rajistar.

Na san abin da wasunku ke faɗa yanzu. Kuna cewa, malam, wannan dokar ta ƴan albashi ce, mu ƴan barema ina ta san mu? Akwai gaskiya a maganarku. Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan ba su da rajista a ko'ina. Sufetocin ƙwadago kaɗan ne, ƙasa kuma da faɗi. Sufeto yana Maraɗi, gonar tana bayan Sarkin Hausa. Wannan giɓi ne babba, kuma yana damu na ƙwarai. Amma rashin zuwan sufeto bai soke haƙƙin ba. Haƙƙin yana nan, ko an zo ko ba a zo ba.

Sashe na uku. Yanzu mu ƙetare iyaka, mu ga yadda ƙasashe ke haɗa ciniki da haƙƙin ma'aikaci.

Akwai hukumomi biyu a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Ta farko ita ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da OIT. An kafa ta a 1919, Nijar ta shiga a 1961. A cikinta gwamnati da masu ba da aiki da wakilan ma'aikata suke zama tare, su tsara yarjejeniyoyi. A 1998 ta ware wasu haƙƙoƙi ta ce su ne ginshiƙi: ma'aikata su iya kafa ƙungiya su yi ciniki a kan ladansu, a kawar da aikin tilas, a kawar da bautar da yara, a daina nuna bambanci. A 2022 aka ƙara na biyar, wato wurin aiki ya zama mai aminci ga lafiya. Kuma ga abin alfahari. Da aka yi sabuwar yarjejeniyar yaƙi da aikin tilas a 2014, Nijar ce ƙasa ta farko a duk duniya da ta amince da ita, a watan Mayun 2015. Mun sa hannu kafin kowa. Saboda haka nauyin cikawa ya fi hawa kanmu.

Ɗan dako, ga wata da ta shafe ka kai tsaye. Tun 1967 wannan ƙungiya ta ba da shawarar kada ƙato guda ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Kai kuwa kana ɗaukar kusan ninkinsa, sau da yawa a yini.

Hukuma ta biyu ita ce Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC. Ita ke tsara dokokin saye da sayarwa tsakanin ƙasashe. Nijar ta shiga a 1996. A ƙarshen wannan shekarar aka yi taro a Singafo, aka yi muhawara mai zafi. Wasu ƙasashe masu arziki suka ce a sa sharaɗin haƙƙin ma'aikata cikin dokokin ciniki. Ƙasashe masu tasowa da yawa suka ƙi. Suka ce, in aka yi haka, za ku fake da tausayin ma'aikatanmu ku toshe wa kayanmu hanya. Aka tashi a kan cewa maganar ƙwadago ta OIT ce.

Amma abin da bai shiga ta ƙofa ba, ya shigo ta taga. Manyan kasuwanni suka riƙa sa nasu sharaɗin. Amurka ta yi dokar AGOA a shekarar 2000. Dokar ta ce kayan ƙasashen Afirka su shiga ba haraji, muddin ƙasa tana cika wasu sharuɗɗa, ciki har da kare ma'aikata. Ba magana ce ta fatar baki ba. An cire Muritaniya daga farkon 2019 saboda aikin tilas da bautar gado, sai a 2024 aka maido ta. Nijar ma an cire ta daga farkon 2024, sai dai namu dalilin na siyasa ne, bayan sauyin mulki na watan Yulin 2023.

A Bangaladash, ranar 24 ga Afrilun 2013, wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a kan masu ɗinkin tufafi. Sama da mutum 1,100 suka rasu, yawancinsu mata. Kwana ɗaya kafin nan an ga bangon ya tsage, amma aka matsa musu su koma aiki, saboda ƴan kasuwar Turai da Amurka suna jiran kaya. Bayan wata biyu Amurka ta janye wa ƙasar rangwamen haraji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga ranar, mai saye a can ya ƙara tambaya: wane ne ya yi wannan kaya, kuma a wane hali?

Ga kuma wadda ke tafe. Tarayyar Turai ta yi doka a ƙarshen 2024, za ta fara aiki a watan Disamban 2027. Dokar ta ce duk kayan da aka yi da aikin tilas ba zai shiga kasuwarsu ba, ko daga ina ya fito, ko da a gona aka yi tilas ɗin. Ku lura da kyau, ko da a gona ne.

Ga ra'ayina a kan wannan, kuma nawa ne. Ina maraba da duk dokar da za ta sa a tambayi lafiyar mai aiki. Amma ina da tsoro guda. Kamfanin da ke can zai turo takarda ya ce a cika sharaɗi. Babban ɗan kasuwa ya miƙa wa dillali. Dillali ya miƙa wa manomi. Farashin tiya kuwa yana nan inda yake. To manomin da ya sayar da ayarsa da arha tun kaka, domin ya biya bashin taki, da me zai ƙara wa ƴan ƙwadago lada? Mai son kaya masu tsabta, ya biya kuɗin tsabta. In ba a sa haƙƙin ma'aikaci cikin farashi ba, nauyin zai sake faɗowa a kan wanda ya fi kowa rauni. Wannan magana ya kamata ƙungiyoyin manomanmu su riƙa faɗa da ƙarfi a duk inda ake yanke farashi.

Sashe na huɗu, mu dawo gida, mu shiga gonar aya. A nan zan ɗan daɗe.

Jihar Maraɗi ita ce uwar aya a Nijar. Wata tana tafiya Najeriya, a yi kunun aya. Wata tana kaiwa har Sifaniya, inda mutanen yankin Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita. A can ana sayar da shi a kwalba mai kyau, a wuri mai sanyi.

Iyayena mata, ku kuka san yadda ake fitar da ita. In ganye ya bushe a sa wuta. Sannan a fasa ƙasa. Sannan ku zauna da rariya cikin toka da rairayi, kuna tankaɗe, kuna sheƙa, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Ƙura tana shiga hanci, tana shiga ido, tana sauka a ƙirji. Goyo yana baya, shi ma yana shaƙa. Yarinya ƴar shekara tara tana gefe da tata ƙaramar rariyar, alhali ƴan ajinsu suna lakwal. Da dare sai tari. A ce sanyi ne. Inna, sau da yawa ba sanyi ba ne, ƙurar gona ce.

Sai maganar lada. Wasu da kuɗi ake biyan su, wasu da awo. Sau nawa ake fara aiki ba a yanke ba? A ce ku dai yi, ba za mu ɓata ba. In an gama, mai gona ya auna da tiyar da ya ga dama. Mace ta ji kunyar yin musu da namiji, wataƙila ma surukinta ne ko maƙwabci. Ta karɓa ta tafi, abin yana cin ta a rai.

Mai gona, ɗan uwana, ban ɗauke ka azzalumi ba. Na san kai ma matse ka ake yi daga sama. Amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinka ba. A yanke lada kafin a taɓa rariya. A nuna tiyar da za a yi awo da ita, kowa ya gani, kuma ita za a yi amfani da ita har ƙarshe. A kawo ruwan sha gona. A samo ƙyallen rufe hanci. A ajiye jarirai a inuwa, ta inda iska ba ta kai musu ƙura. Yaran lakwal kuma a bar su sai an tashi. Malamanmu kullum suna tuna mana cewa jinkirta ladan ma'aikaci ba ƙaramin laifi ba ne a wurin Allah. Tun kafin Janeba ta yi magana, mun san wannan.

Daga aya mu leƙa rumbun wake, domin a nan ne za ku ga yadda lafiyar ma'aikaci da kasuwa suke ɗaure da igiya ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalili, an samu maganin ƙwari mai yawa a cikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya. Wake mai yawa da ake juyawa a kasuwannin Najeriya daga gonakinmu yake fitowa, don haka maganar ta shafe mu. Amma ku yi tunani. Kafin wannan guba ta isa bakin mai ci a Turai, hannun wa ta fara taɓawa? Hannun yaron magaza ne, wanda ya zuba ta ba safar hannu, ya cakuɗa, ya ɗinke buhu, wani lokaci ma ya kwana a ɗakin. An rufe kasuwa domin kare mai ci. Shi yaron ba wanda ya auna jininsa.

Alhamdu lillahi akwai mafita, kuma da masananmu aka samo ta. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken noma na cibiyar INRAN a Maraɗi. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne da kyau. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Wake ya tsira, mai ci ya tsira, yaron magaza ya tsira.

Sashe na biyar, ƴan uwana matasa masu tafiya biɗa.

Da an gama kaka, motoci suna cika. Wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu Libiya da Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariya. Ba zan ce kada ku tafi ba, na san abin da ke fitar da ku. Amma ku tuna da Kondago, a yankin Ɗan Isa, nan kusa da mu. A watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta, mutum 18 suka rasu. Zinariya tana da mai saye har Dubai. Wanda ya shiga ramin kuwa, sau da yawa ko sunan ƙauyensu mai ramin bai sani ba.

Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, a watan Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta sanar cewa mutanenmu za su ci gaba da shiga da fita da takardunsu har sai an yi sabon tsari. Irin wannan abu yana iya sauyawa, don haka ku tambayi hukuma kafin ku kama hanya. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa a jikinsa. Kada ka ba uban gida katinka ko fasfonka ya ajiye maka. In mutum ya riƙe takardarka, ya ce ba za ka tafi ba sai ka biya bashin mota da na abinci, bashin kuma kullum ƙaruwa yake, to wannan shi ne aikin tilas na zamanin nan. Nijar tana da dokar hana fataucin mutane tun 2010, kuma bauta laifi ce a dokar ƙasa tun 2003. Hadijatou Mani ta kai ƙarar ƙasa gaba ɗaya a kotun CEDEAO saboda an bar ta cikin bauta, kuma ta yi nasara a 2008. Mace ce daga ƙauye, kamar kowace mai saurare na yanzu.

Haka nan iyaye masu ba da yarinya aikatau ta hannun wata mai kai yara birni. Ku san gidan. Ku san unguwar. Ku ji muryar ƴarku da kunnenku a waya, ba saƙon gaisuwa ta bakin wani ba.

Sashe na ƙarshe, in an ci haƙƙinka, ina za ka?

Na ce buhu yana da takarda, ɗan dako ba shi da ita. To a fara yi masa. Ba sai takardar lauya ba. Littafin makaranta ya isa. A rubuta suna, da ranar fara aiki, da ladan da aka yanke, da abin da aka karɓa. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Wanda bai iya rubutu ba, ya yi maganar a gaban mutum biyu, ko ya ɗauki muryar a waya da sanin mai ba shi aikin.

Ƴan dako, kuna da shugabanninku a kowace kasuwa da tasha. Ku zauna da su ku yanke kuɗin buhu ɗaya, kowa ya tsaya a kai. Ku buɗe asusu, ko dala biyar biyar ce a ranar kasuwa, domin wanda ya ji rauni. Ku nemi ƴan kasuwa su sa nasu kason a ciki, tunda kayansu ake ɗauka. Ku kuma tayar da maganar buhu mai kilo 50. Doka ta ba ku ikon kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, kuma manyan ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN an kafa su ne domin irin wannan. Mata masu aikin aya, ƙungiyar adashenku ma tana iya zama bakin da zai yanke lada da masu gona kafin kaka.

In rigima ta taso, a fara da sulhu, wurin shugaban kasuwa ko mai gari. In ba ta mutu a nan ba, akwai ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi, wanda ake kira Inspection du Travail. Aikinsa ya kira ku ku biyu, ya saurara, ya nemi daidaitawa. In abin ya gagara, sai a wuce kotun da ke duba shari'ar ƙwadago, kuma shigar da irin wannan ƙara ba a biyan kuɗi. Ka tafi da katinka, da littafin nan, da shaidunka. In rauni ne, ka haɗa da takardar likita. Kuma kada ka bari watanni su yi ta wucewa, domin neman haƙƙi yana da wa'adi a doka, shaidu kuma suna mantuwa ko su yi tafiya.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan asusun CNSS kaɗai: yadda ake rajista, abin da ake cirewa, da abin da iyali ke samu in mai gida ya rasu a bakin aiki. Mai tambaya ya aiko tun yanzu.